Faris kusa take, amma sai da biza

Duk shekara da hutun Disamba ya matso, sai sababbin ɗalibanmu na nan Ingila su fara tura wa juna hoton hasumiyar Eiffel, kowa yana cewa bana sai Faris. Ba na ganin laifinsu. Daga tashar St Pancras ta Landan zuwa tashar Gare du Nord ta Faris tafiyar jirgin ƙasa ba ta kai awa biyu da rabi ba, ta ramin ƙarƙashin teku da aka buɗe a 1994. Wannan kusancin ne yake ruɗar mutane, ni ma shi ya ruɗe ni.

A shekarata ta farko na yanki tikiti, na kama ɗakin kwana uku, irin mai arhar nan da ba a mayar da kuɗinsa. Lissafina shi ne tunda ina da izinin zama a Birtaniya, ai Turai duk ɗaya ce. Ashe jami'an kan iyakar Faransa tun a Landan suke duba fasfo, kafin mutum ya sa ƙafa a jirgi. Mutumin ya buɗe fasfona, ya bi shafukan sau biyu, ya ce ina bizar Schengen? Wato bizar shiga Faransa da sauran ƙasashen Turai da suka buɗe wa juna kan iyaka. Na miƙa masa katin zamana. Ko karɓa bai yi ba. Haka na ja akwati na koma, abokan tafiya suna ɗago min hannu ta bayan gilashi, kuɗin tikiti da na ɗaki suka bi ruwa.

To ƙannena, ku buɗe kunne. Birtaniya ba ta taɓa shiga Schengen ba, ko kafin ta fice daga Tarayyar Turai a 2020. Mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Gana dole ya nemi biza daban. Kuɗinta Yuro 90 ne ga babba, ban da ladan cibiyar da ke karɓar takardu. Za a nemi inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000, da shaidar masauki, da tikitin dawowa, da bayanan banki, da wasiƙar makaranta ko wurin aiki. Fasfo kuma ya zama da sauran aƙalla wata 3 bayan ranar dawowarka. A ƙa'ida kwana 15 ake yi kafin a ba da amsa, amma yana iya kaiwa 45. Wahalar ma ba a nan take ba, samun ranar miƙa takardun ne. Sai ka yi makonni kana leƙa intanet babu gurbi. Doka ta yarda ka nema tun wata 6 kafin tafiya, amma namu sai saura mako biyu su kira ni da tsakar dare, "Yaya, don Allah ka san wani?" Ban san kowa ba. Masu cewa za su sayar maka da gurbi kuwa, na ga wanda ya biya ya tashi a tutar babu. Alhamdulillahi muna da manya da suka daɗe a nan, za su zauna su duba maka takardunka ɗaya bayan ɗaya ba ko sisi. Tambaya ce kawai ba ku yi.

Sauran duk mai sauƙi ne. Gidan tarihi na Louvre a rufe yake ranar Talata, fadar Versailles kuma ranar Litinin. Tikitin hawa Eiffel ka saye shi tun kana gida, in ba haka ba layi zai cinye maka yini. In Juma'a ta same ka, babban masallacin Faris da aka buɗe a 1926 yana unguwa ta 5, ka je da wuri don yana cika. A jirgin ƙarƙashin ƙasa ka dawo da jakarka gaba, kuma duk wanda ya tare ka da takarda wai ka sa hannu, ko yana son ɗaura maka zare a wuyan hannu a hanyar hawa cocin Sacré-Cœur, ka wuce abinka.