Yadda za a gane ainihin nauyin harajin da babban kamfani ke ɗauka

Da yawa daga masu hannun jari a manyan masana'antun shinkafa na Argungu da Birnin Kebbi, idan aka tambaye su haraji, sai su ce kashi 30 ne na riba. Wannan ɗaya ne kawai daga cikin kuɗin da ke fita.

A fara da raba kuɗin gida biyu. Akwai wanda kamfani ke biya daga aljihunsa, akwai wanda yake karɓa a madadin gwamnati. Harajin VAT na kashi 7.5 da ake karɓa daga mai saye, da harajin da ake cirewa daga albashin ma'aikata a kai wa hukumar tara kuɗin shiga ta jihar Kebbi, duk amana ne. Wanda ya zuba su cikin lissafin nauyinsa ya kumbura adadin a banza.

Sai a tara na gida na farko. Ƙarƙashin dokar haraji ta 2025 da ta fara aiki a Janairun 2026, akwai harajin kamfani kashi 30, da harajin raya ƙasa kashi 4 wanda ya maye gurbin na ilimi da wasu ƙanana. A nan ne akawu da dama ke kuskure, domin ba a kan adadi ɗaya ake lissafa su ba. Kashi 4 ana cire shi ne kafin rangwamen injina da gine-gine, wato kason kuɗin sayensu da doka ta yarda a rage daga riba, kashi 30 kuwa bayan rangwamen.

A ce ribar naira biliyan 1 ce, rangwamen injina miliyan 100. Harajin kamfani zai kama miliyan 270, na raya ƙasa miliyan 40. Idan albashin shekara miliyan 400 ne, kason kamfani na fansho, kashi 10, zai kai miliyan 40, sai NSITF (asusun biyan diyya ga ma'aikata) da ITF (asusun horas da ma'aikata) kowanne kashi 1, wato miliyan 8. Fansho ba haraji ba ne a suna, amma dole ne, don haka a saka shi. Jimla miliyan 358. A mayar da miliyan 48 ɗin nan kan riba, tunda an riga an cire su cikin kuɗin gudanarwa, a raba miliyan 358 da miliyan 1,048. Nauyin ya kai kusan kashi 34, kafin ma a ƙara kuɗin fito na kayan gyaran injin da kuɗin ƙasa na jiha.

Asarar da ta fi ciwo tana wajen harajin da manyan masu saye ke riƙewa tun daga tushe. Wannan kuɗi biyan gaba ne na harajin kamfani. Idan ba a bi sawu an tabbatar ya shiga asusun kamfani a hukumar haraji ta tarayya ba, sai a biya sau biyu. A riƙa duba shi duk wata, kada a bari sai wa'adin wata shida na miƙa bayanan shekara ya ƙarato.