Yadda ofishin jami'an hanya zai bar takarda ya koma rubuta bayanai a waya

Duk wanda ya taɓa zuwa neman rahoton haɗari ya san abin da nake nufi. Ni sati biyu na yi ina zarya kan maganar ƙanena da mota ta kaɗe shi a kan mashin, saboda lambar motar da biro aka rubuta ta kuma ruwa ya taɓa takardar, 3 ce ko 8 ba wanda ya iya faɗi. To ga yadda ya kamata a bi in ana son canjin nan, daga takarda zuwa waya, ya zauna a Jihar Sakkwato.

Da farko don Allah kar a fara da sayen kwamfuta. A zauna da masu tsayuwa kan titi, 'yan sandan hanya da 'yan Road Safety da VIO masu duba lafiyar mota, a ɗauko fom ɗin da suke cikawa yanzu a rage shi, a bar abin da ya zama dole kawai: lambar mota, lambar lasisi, wuri, lokaci, laifin da aka yi, in haɗari ne mutum nawa suka ji rauni, sai hoto. Fom mai shafi huɗu ba mai cika shi a tsakiyar rana, wallahi komawa biro za su yi.

Sai manhaja, kuma nan ne ake yawan faɗuwa. Dole ta yi aiki ko babu netwok, ta ajiye bayani cikin wayar sannan ta tura da kanta in sabis ya dawo, don jami'in da ke hanyar Illela ko ta Tambuwal ba kullum yake samun sabis ba kamar wanda ke Round Mairuwa a cikin garin Sakkwato. Wayar ma a duba ta da kyau, zafin Sakkwato a watan Afrilu yana wuce digiri 40, ƙaramar waya sai ta ɗau zafi ta mutu a hannu, shi ya sa sola da fawa bank su shiga kasafi tun farko.

Kar a watsa tsarin a ƙananan hukumomi 23 na jihar lokaci ɗaya. A gwada da ofishi guda na wata uku, takarda da waya tare, a ga inda suka saɓa. Horon kuma a yi shi da Hausa, a bakin titi, kowa da wayarsa a hannu.

Tara kuwa kar kuɗi ya bi ta hannun jami'i, a ba direba lamba ya je ya biya kamar yadda ake biyan tarar FRSC, wato 'yan Road Safety, ta Remita, hanyar biyan kuɗin gwamnati ta intanet.

Kowane jami'i da nasa lambar sirri, ba aro, ta yadda duk wanda ya gyara ko ya goge bayani sunansa zai fito. Kuma tunda akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, hoton lasisin mutum ba abin turawa a gurup ɗin WhatsApp ba ne, oga ya faɗa wa yaransa wannan tun ranar farko.