Yadda Ake Gano Matsalar Esin Mota Mai Sarrafa Kansa

Idan esin mota ya daina sanyi, kada a yi gaggawar ƙara masa gas, domin sau da yawa matsalar ta lantarki ce. A fara da duba fiyus da rile (ƙaramin makunnin lantarki da ke tura wa esin wuta), sannan a tayar da mota, a kunna esin, a saurari ƙarar kamawar kwamfiresa, wato injin da ke matsa gas ya zagaya da shi. Idan bai kama ba, mai yiwuwa gas ne ya yi ƙasa, saboda akwai sensa da ke hana shi aiki a wannan hali don kada ya lalace. Gas kuwa ba ya ƙarewa haka kawai, dole ne a nemo inda yake yoyo a gyara, a zuƙe iskar da ke cikin bututu, kafin a zuba irin wanda aka rubuta a ƙarƙashin bonet, R134a ko R1234yf. Ba a haɗa su.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne iska ta fito da sanyi a gefe ɗaya, da zafi a ɗaya gefen, wani lokaci tare da ƙarar ƙas-ƙas a bayan dashbod. Galibi haƙoran ƙaramin injin da ke juya ƙofar gauraya iska mai sanyi da mai zafi ne suka cinye, kuma bayan an sauya shi wasu motoci suna buƙatar a sake saita shi da kwamfutar bincike.

Raunin iska kuwa yawanci daga matatar iskar cikin mota ne, wadda ƙurar hunturu ke saurin toshewa. A ciro ta a duba kafin a taɓa fankar da ke huro iskar.