Yadda Ake Ɗanɗana Zobo Mai Kauri da Abincin da Ya Dace da Shi

Yawancin zobon da ake sayarwa a robobi a bakin titunan Bauchi sukari da ƙanƙara sun rinjaye shi, har mai sha ba ya jin komai sai zaƙi da sanyi. Wannan yana damuna, domin zobon da aka haɗa da kyau yana da nauyi a baki, yana da tsami da bauri, kuma baurin nan ne ya sa yake tafiya da abinci mai maiƙo.

Aikin yana farawa ne tun daga kasuwa. Idan ka shiga Wunti ko Muda Lawal, ka nemi busasshen zobo ja mai duhu wanda ya kusa zama baƙi, ka murza shi a tafin hannu ka ji ya bushe ƙarau, ka kuma sansana ko akwai warin danshi. Sabon da aka girbe da kaka ya fi wanda ya daɗe a buhu ƙamshi. Ka ɗauraye ƙasar jikinsa da sauri don kada launin ya bi ruwan wanki, sannan ka auni zobon cikin gwangwanin madara 3 ka zuba a ruwa lita 2 tare da citta da ɗan kanumfari. Minti 15 a kan wuta ya isa, domin tafasar da ta wuce kima tana jawo ɗaci.

Kafin ka sa sukari, ka tace kaɗan a kofin gilashi ka bari ya huce, amma kada ka sa ƙanƙara, saboda sanyi mai yawa yana dakushe harshe. Ka ɗaga kofin wajen haske: mai kauri ba ya barin ka ga yatsunka ta bayansa. Ka juya shi a hankali ka sansana, inda ya kamata ƙamshin zobon ya riga na kanumfari isowa hanci. Idan kanumfari ne ya fara yi maka sallama, to ya yi yawa. Daga nan sai ka kurɓi kaɗan ka riƙe a baki na ɗan lokaci. Tsami ne zai fara zuwa har yawu ya tsinke, sai bauri ya biyo baya ya kama dasashi da ganɗa kamar wanda ya ci kanya ɗanya, sannan bayan ka haɗiye yajin citta ya tsaya a maƙogwaro. Sai ka ji waɗannan ukun ne za ka san iya zaƙin da za ka ƙara. Wasu suna jefa kanwa don kashe tsamin, kuma lalle tana kashe shi, tana kuma ƙara duhun launi, sai dai ni ba na goyon bayan haka ga zobon da za a sha da nama.

Dalili kuwa shi ne tsami da bauri su ne suke wanke kitse daga harshe. Ka gwada da balangun rago mai zafi, irin wanda mai ya jiƙa takardar da aka naɗe shi: bayan yanka uku ko huɗu kitsen yakan fara ginsar mutum, amma kurɓi ɗaya zai mayar da baki kamar yanzu aka fara ci. Haka yake da tsire mai ƙuli da farfesun kayan ciki. Masa da miyar taushe, wadda Bauchi ta yi suna a kanta, tana son zobon da aka ɗan ƙara wa zaƙi, tunda ita kanta masar tana da ɗan tsaminta. Idan abincin yana da barkono sosai, kamar kilishi, a rage citta don kada yaji ya hau kan yaji.

Abin da za a guje wa shi ne fate ko miyar da aka cika wa yakuwa, domin ganyen da zobon daga tsiro ɗaya suka fito, kuma tsami biyu suna kashe haƙori. Kada kuma a sha shi tare da madara, domin tsaminsa yana tsinka ta nan take.