Kurakuran da sababbin hannu ke yi a Mario Strikers, har da wanda ya ja mini kuɗin tsire

Na gaji da maimaita magana ɗaya ga duk wanda ya zauna a tabarmarmu ya karɓi hannun gem. Shi ya sa na ce bari in rubuta, duk wanda zai zo in tura masa ya karanta kafin ya ɓata mana dare.

Wasan da nake nufi shi ne Mario Strikers: Battle League, wanda kamfanin Next Level Games na Kanada ya yi wa Nintendo Switch, ya fito a watan Yunin 2022. Ƙwallo ce ta biyar-biyar: mutum huɗu a fili, sai gola mai suna Boom Boom wanda kwamfuta ke riƙe da shi. Ba rafali, ba jan kati, ba kwana, ba jifa. An zagaye filin da shingen lantarki, kuma mutum takwas na iya bugawa a na'ura ɗaya.

Kuskuren farko kowa da shi yake shigowa, wato zuwa da hannun FIFA ko PES. Sai ka ga mutum ya riƙe ƙwallo yana neman ya yi yanka uku kafin ya ba da fasin. Malam, filin nan bai kai tsakar gida ba, kuma Bowser, ƙaton cikin 'yan wasan, na bayanka. In ya maka ka da shinge, wuta ta ja ka, babu usur ɗin da zai tashi. Taɓa ɗaya, taɓa biyu, ka saki. Wannan kam kwana biyu yake warkewa, dukan da mutum zai sha shi ne maganinsa.

Wanda ba ya warkewa da wuri shi ne kishiyarsa. Da zarar sabon hannu ya gano babu keta, sai ya koma ɗan dambe. Duk wanda ya gifta gabansa sai ya buge shi, da ƙwallo ko babu. Abin da bai sani ba shi ne wasan yana da nasa alƙalin a ɓoye: in ka bugi wanda ba ya riƙe da ƙwallo, 'yan kallo za su jefo akwatin makami mai launin ƙungiyar wanda ka buga, su kaɗai ke iya ɗauka. Kai kana ta ƙyalƙyala dariya don Toad ya yi ƙundumbala, su kuma suna tara ƙoƙon kunkuru da bam.

Ni wannan ɗabi'a ta yi mini tsada. Akwai wani dare da muka yi gasa mu takwas, aka ce waɗanda aka fitar a wasan ƙarshe su za su sayi tsire. Ni da ƙanina muna gefe ɗaya, muna gaba da ci 3 da 1, saura bai kai minti ɗaya ba. Na ɗauki Wario, kai ya yi zafi, na sa wani abokina a gaba don ya tsokane ni tun da yamma. Ko ƙwallo ba na kallo, Luigi ɗinsa kawai nake nema. Ƙanina yana cewa, "Yaya, ka bar shi mana, kaya kake ba su." Na ce masa ya yi shiru, tun kafin ya iya tsarki nake buga gem. Cikin daƙiƙa talatin suka jefe mu da jan ƙoƙo, mai bin mutum duk inda ya yi, suka ci ɗaya. Aka dawo tsakiya, na sake bugun Luigi don haushi, suka sake samun akwati, bam ya tashi da mu biyu, suka rama. A ƙarin lokaci, inda wanda ya fara ci ya gama, ba mu ko taɓa ƙwallon ba. Tsiren mutum takwas, ga masu cewa a ƙara musu yaji da albasa kamar su suka biya. Yaron nan har gida bai ce mini uffan ba, kuma shirun ya fi kuɗin ciwo.

Tun daga ranar na sa wa kaina doka: ba na dukan wanda ba shi da ƙwallo sai in shi kaɗai ne a gaban ragarmu yana jiran fasin. Na san akwai ƙwararrun da ke cewa duka yana buɗe fili ko da an ba abokin hamayya makami. Su je su yi. Ni na biya kuɗin makarantata a wajen mai tsire.

Sai babban abin da ke haukata yara, Hyper Strike, wato bugu na musamman. Wani dunƙulen haske ne ke faɗowa fili, wanda ya riga taɓa shi duk 'yan ƙungiyarsa za su ɗau ƙyalli na kusan daƙiƙa 20, kuma in bugun ya shiga ci biyu ake rubutawa. To a nan hankali ke gushewa. Mutum zai tsaya cak a tsakiyar abokan hamayya uku ya danne madannin shot yana caji, kamar mai jiran a ɗauke shi hoto. Wa zai tsaya ya kalle ka? Kafaɗa ɗaya za a sa maka, bugun ya lalace, ƙwallo ta tafi, kuma sauran 'yan wasanka duk sun hau gaba, bayanku wayam. Sau nawa na ga an tafi neman ci biyu an dawo da ci ɗaya a raga! Kuma wanda ya yi ɓarnar shi ne zai fara cewa hannun gem ɗinsa ne ya lalace.

Yadda nake yi shi ne, ba na fara caji sai na share gabana. In ina da ƙoƙo ko bam, in jefa tukuna, masu tsaron su zube, sannan in danna. In ba ni da komai, sai in kai ƙwallon can gefe wajen wanda ba kowa kusa da shi. In dama ba ta samu ba, daƙiƙa ashirin ɗin su wuce lafiya, ai ko ba komai na hana ɗaya ɓangaren ɗauka. Bayan caji kuma akwai ma'aunin da allura ke kai da kawowa, ana dannawa sau biyu. In ka dace da shuɗin wuri duka biyun, gola ba shi da ta cewa. In ka kuskure, abokin hamayya zai yi ta dannan madanni da sauri ya tare. Don haka ka daina ba Bowser ko Donkey Kong wannan aiki don kawai suna da ƙiba. Ka ba mai gwaninta irin Peach ko Rosalina, ma'auninsu ya fi sauƙin kamawa. Kuma don Allah masu ihu a kunnen mutum lokacin da allura ke tafiya, ku ji tsoron Allah.

Zaɓen 'yan wasa ma ana shirme a ciki. Kowane yana da maki a fanni biyar: ƙarfi, gudu, shot, fasin da gwaninta. Sabon hannu sai ya jera ƙarti huɗu, Bowser, Wario, Donkey Kong da wani, sannan ya yi mamakin yadda Toad ke zagaye su kamar ɗan acaɓa a cikin manyan motoci. Ni kullum ina ajiye Waluigi a baya don yana da gudu yana da duka, Toad a tsakiya yana raba ƙwallo, sai mai bugu a gaba. Na huɗun ya danganta da wanda zan kara da shi.

Kayan sawa, su hular kwano da safar hannu da sulke da takalmi, ba sa ƙara wa ɗan wasa jimillar maki. Abin da suka ƙara a nan sun cire shi a can, saboda haka kada ka ƙarar da kuɗin wasan kana zaton Yoshi zai zama komai da komai.

Makami biyu kawai ake iya riƙewa, mai ɓoyon ɓawon ayaba har a tashi wasa bai taimaki kowa ba. Bam bai san ɗan gida ba, ka duba inda naka suke kafin ka saki. Ana iya bugun ɗan ƙungiyarka daga baya don ya yi tsalle gaba da gudu, amma ka gaya masa tukuna, na ga an kusa ba hammata iska a kan wannan. Wanda intanet ɗinsa ke rawa ya haƙura da wasan kan layi, domin kaucewa da bugu mai kyau duk a kan ƙiftawar ido suke.

Sannan in za ka zo mana ranar Juma'a, ka yi cajin hannun gem ɗinka tun daga gida, kuma ka wanke hannu bayan ƙuli-ƙuli. Joy-Con ɗina na hagu, wato hannun gem ɗin Switch, har yau yana warin mai.