Yadda za ka kama kan Yaƙin Cacar Baka kafin jarabawa

Ƙannena masu karatun Tarihi a Danfodiyo da kwalejin Shehu Shagari, in wanga darasi ne ke hana ku barci to ku aje haddar shekaru gefe tukuna. Fara neman taswirar Turai, ko ta bayan littafi ko ka kwafo daga waya, sai jan biro. Duk ƙasar da ta koma ƙarƙashin Tarayyar Sobiyet bayan 1945 ka shafa mata ja, Poland, Hungary, Romaniya, Bulgeriya, gabashin Jamus, su Czechoslovakia. Da ka ga yadda jan ya cinye rabin takarda ka riga ka gane abin da ya tada hankalin Amurka, ba sai an gaya maka ba.

Daga nan riƙe sunan mutum guda, George Kennan, ma'aikacin ofishin jakadancin Amurka a Mosko. A Fabrairun 1946 ya aika doguwar wasiƙa gida, shawara tai kuma a taƙaice ita ce kar a gwabza da Sobiyet gaba da gaba, a dai hana su ƙara ko taku ɗaya har su gaji. Kamar manomin da ba ya iya korar garke, sai ya tsaya yana ta shinge. Kusan duk abin da anka yi daga baya wagga dabara ce, kayan aikin kawai ke sauyawa, don haka kowane lamari ka karanta tambayi kanka, nan kuɗi anka sa, ko soja, ko ƙawance?

Gwada ka gani. Maris 1947 shugaban Amurka Truman ya roƙi majalisa dala miliyan 400 don Girka da Turkiyya saboda Ingila ta ce aljihunta ya bushe, kuɗi ke nan. Shirin Marshall na Amurka don farfaɗo da yammacin Turai daga 1948, wajen dala biliyan 13, shi ma kuɗi, lissafinsu kuwa mai yunwa shi ke saurin sauraren 'yan gurguzu. NATO, ƙungiyar tsaro ta Amurka da ƙawayenta, a 1949 da ƙasashe 12 ƙawance ne, Sobiyet ta mai da martani da nata na Warsaw a 1955. Koriya 1950 zuwa 1953 soja ne tsagwaronsa, kuma bayan duk jinin da anka zubar iyakar ta tsaya kusan inda take tun farko. Ita 1949 ɗin ja mata layi biyu, don cikinta Sobiyet ta gwada bam ɗin nukiliya, Mao jagoran 'yan gurguzu kuma ya karɓe Sin. Berlin ma kar ka tsallake, Stalin shugaban Sobiyet ya toshe hanyoyin shiga yammacin birnin daga Yunin 1948 har Mayun 1949, sai ta jirgin sama aka riƙa kai ma mutane abinci da kwal.

Inda yara ke zubar da maki shi ne su rubuta kamar gefe guda waliyyai ne. A'a malam. Sobiyet ta rasa mutum fiye da miliyan 20 a yaƙin duniya na biyu, dole ta so ƙasashen da za su zame mata katanga, ita kuma Amurka da sunan tare gurguzu ta sa hannu anka kifar da firaminista Mossadegh a Iran 1953. Kawo duka biyun, mai makin takarda ya san ka yi tunani.

Sai ka jawo zancen gida, nan ne amsa ke daɗi wallahi. Sojojinmu sun je Kwango ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya lokacin rikicin da ya ci firaministansu na farko Lumumba a 1961. Lokacin yaƙin basasa Sobiyet ce ta ba gwamnatin tarayya jiragen yaƙi na MiG. Murtala ya goyi bayan ƙungiyar MPLA mai samun tallafin Sobiyet a Angola 1975 ko da ran Amurka bai so ba, kamfanin ƙarafa na Ajaokuta kuwa injiniyoyin Sobiyet sunka yi aikinsa, zamanin namu Shagari.

In ka gama, rufe littafi, nemi abokinka ko a teburin mai shayi ne ka ba shi labarin da Hausa daga 1945 har rushewar Sobiyet a Disambar 1991. Duk inda ka ji ka fara in'ina, koma ka sake karanta wurin da dare.