Kurakuran da yara suka fi yi game da sinadaran sararin samaniya

Ƙannena 'yan firamare da ƙaramar sakandare a Katsina, idan aka tambaye ku me ke tsakanin tauraro da tauraro, da yawanku za ku ce babu komai. Manya ma suna yin wannan kuskure. Akwai manyan gajimarai na iskar gas da ƙura a wurin, kuma a cikinsu ƙwayoyin zarra suna kama juna su zama molekul. Ruwan da kuke sha molekul ne: haidirojin biyu da oksijin ɗaya. An gano amoniya a tsakanin taurari a 1968, aka gano ruwa a 1969, yau kuma nau'o'in da aka sani sun haura 200. Sai dai gas ɗin bai da kauri ko kaɗan, mutum ba zai iya numfashi da shi ba.

Wasu kuma sukan ce wurin ya yi sanyi da yawa, babu abin da zai haɗu da wani. Sanyi kam akwai shi, yakan kai digiri 260 ƙasa da sifili. Amma a nan ƙura take aikinta, kuma wannan ɓangaren ne na fi so ku riƙe. Ku tuna hazon hunturu da ke rufe Katsina har a kasa hango hasumiyar Gobarau daga nesa. Ƙurar sama ta fi wannan laushi. Ƙwayar haidirojin takan faɗo kan ƙwayar ƙura ta manne saboda sanyi, ta riƙa rarrafe a hankali har ta ci karo da 'yar uwarta, su haɗe. Idan oksijin ta samu, a hankali ruwa ya samu, ya daskare a jikin ƙurar. Abin yana cin dubban ɗaruruwan shekaru. Da babu sanyin, da ba su tsaya a kan ƙurar ba balle su haɗu.

Kada kuma ku zaci wani ne ya je can da kwalba ya ɗebo. Nisan ya wuce haka. Molekul suna juyawa, kuma yawancinsu suna fitar da siginar rediyo, kowanne da irin tasa shi kaɗai. Manyan faifan hangen nesa, kamar guda 66 na ALMA da ke hamadar Atakama a ƙasar Cile, su ke kama siginar, masana su kwatanta da wadda suka auna a ɗakin gwaji.

Sai maganar "tauraro ya faɗi". Tauraro ɗan uwan rana ne, ba ya faɗowa gona. Hasken da kuke gani ya gilma da dare tsakuwa ce ko ɗan dutse da ke ƙonewa a iskar duniyarmu. Wani lokaci babba yakan iso ƙasa, kuma mu Katsinawa muna da namu: ranar 3 ga Oktoba 1962 dutse mai nauyin kusan kilo 18 ya faɗo kusa da wani manomi a Zagami. Daga baya aka sami gas a kulle cikinsa, wanda ya dace da iskar duniyar Mars da kumbunan Viking suka auna a 1976, wato daga Mars dutsen ya zo. Abin takaici, yara da yawa a jihar nan ba su taɓa jin sunansa a aji ba.

Kuskuren da ya fi yaɗuwa a waya shi ne "an gano rai a sama". Kumbon Rosetta ya gano sinadarin gilaisin a jikin wani tauraro mai wutsiya, aka sanar a 2016. Ƙasar da aka kwaso daga Bennu, wani babban dutse da ke yawo a sararin samaniya, aka iso da ita duniya a 2023, ita ma tana da ire-irensa. Waɗannan sinadarai ne da jikin mai rai ke amfani da su, amma su kansu ba su da rai. Duk lokacin da kuka ga irin wannan labari, ku tambayi malaminku sunan sinadarin da aka gano da kuma na'urar da ta gano shi.